Yarona ya koma Red Sox kuma ranar Asabar zan kai shi filin Yankees, ya zan yi?

DirebanBronx ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni musamman ga 'yan uwa mazauna nan Amurka masu bin wasan besbol, amma duk mai shawara ya faɗa don abin ya wuce wasa, ya shigo min cikin gida.

Ni tasi nake ja a Bronx kuma Yankees nake yi, ba na ɓoyewa. Rediyon mota ne ya jawo ni, fasinja ya shigo ya ce kunna mana wasa, tun ina jin surutu kawai har na fara gane wane ne mai jifa wane ne mai duka, ga kuma filin nan a unguwarmu kan titi na 161, in ka hau jirgin ƙasa mai lamba 4 ta gefensa za ka wuce. Wanda bai zauna nan ba ba zai gane yadda wasan nan ke cinye mako ba, wasa 162 ake yi a kaka ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum kenan. Yawanci Litinin ko Alhamis ne suke ɗan hutawa, sai su kama ƙungiya ɗaya su buga da ita kwana uku a jere, Juma'a su kama wata har Lahadi. In wasan gida ne tun ƙarfe biyar nake kauce wa Major Deegan da Grand Concourse don in ka shiga cunkoson nan ka gama aikin yini, sai wajen goma saura in dawo kusa da River Avenue in kwashi masu fitowa, kuma tun kafin mutum ya buɗe ƙofa ta tafiyarsa nake gane yadda aka tashi. In kuma sun tafi California to wasan sai goma na dare agogonmu, a gama wajen ƙarfe ɗaya, ga asuba ƙarfe huɗu da wani abu a lokacin zafi. Maman yara ta yi magana har ta gaji, ta ce ranar da aka ci Yankees ko sallamata daban take.

To ga matsalar. Yayan matata a Boston yake, lokacin hutu babban yarona mai shekara 11 ya je wajensa, kawun nasa ya kai shi Fenway Park, filin Red Sox, ya saya masa hula mai harafin B. Tun da yaron nan ya dawo bai cire ta ba sai in zai yi sallah ko barci, ya haddace sunayen 'yan wasansu, in muna kallo aka ci mu sai in ga yana danne murna don kar in ji haushi, wannan dannewar ma ta fi yi min ciwo wallahi. Yanzu Red Sox na zuwa Juma'a zuwa Lahadi, na riga na sayi tikitin ranar Asabar mu biyu, a bencin bayan fili na dama inda masu ihu suke zama don nan ne kuɗina ya kai, shi kuma ya ce da hularsa zai je.

Tambayata uku ce. Akwai hatsari in kai yaro wajen nan da hular Boston? Na biyu, laifi ne in ce ya ajiye ta a gida ko in ƙyale shi? Na uku, ku da kuke bin wasan nan ya kuke yi kar ya cinye muku lokacin iyali?

Alhaji_Roxbury ya rubuta:

Wa'alaikumus salam Malam Direba. Ni a Boston nake tun kafin 2004 kuma Red Sox nake yi, saboda haka ka san ta inda zan fito, amma gaskiya zan faɗa maka. Ka bar yaron nan da hularsa. Duk yaron da aka shigar Fenway karon farko ya hau matakalar nan ya ga koren bangon hagu mai tsayin ƙafa 37 a gabansa, da allon maki da har yau mutane ne a cikin bangon suke sauya lambobi da hannu, ba zai fito yadda ya shiga ba. Filin tun 1912 yake, babu wanda ya kai shi tsufa a manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, kujerun ma a matse suke, wasu ginshiƙi ya tare maka rabin fili, amma mutane ba su yarda a rushe shi ba. Kawunsa bai yi maka laifi ba, abin da yake so ya nuna wa ɗan ƙanwarsa.

Kuma ina so ka gane abin da yaron ya shiga, don ku 'yan Yankees kofi kuke ƙirgawa mu kuma haƙuri muke ƙirgawa. Red Sox sun ci kofi biyar tsakanin 1903 da 1918, lokacin Yankees ko ɗaya ba su da shi. Sai mai ƙungiyar, Harry Frazee, ya sayar muku da Babe Ruth a ƙarshen 1919 kan dala 100,000, daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada, shekara 86 ba kofi. Akwai tsofaffi a wajen aikina da aka haife su suka yi jikoki ba su taɓa gani ba, in Red Sox suka je Bronx sai 'yan kallo su dinga rera 1918, 1918 don su ƙona mana rai.

Ranar wasa na huɗu a 2004, a jerin wasa bakwai da ku wanda duk wanda ya ci huɗu zai wuce zagayen ƙarshe na kofi, ba zan manta ba. Kun ci mu uku a jere, na ukun ma 19 da 8 a gidanmu, kowa ya cire rai, ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi aka bar talabijin a kunne a falo don wani dattijo ya ƙi kwanciya. Zagaye na tara kuna gaba 4 da 3, Mariano Rivera ne ke jifa, mutumin da in ya fito ana ɗaukar jaka a nufi gida. Kevin Millar ya samu tashar farko, aka sa Dave Roberts ya yi gudu a madadinsa, duk duniya ta san zai saci tasha ta biyu, Rivera ma ya sani don ya yi ta jefa ƙwallo baya yana tsare shi, amma ya tafi kuma ya isa da ƙyar, Bill Mueller ya buga ya shigo da shi. David Ortiz ya gama wasan da homron, wato bugun da ya haye katanga, a zagaye na 12, washegari ya sake gamawa a na 14, Curt Schilling ya yi jifa a na shida jini na fitowa ta safarsa, na bakwai muka ci 10 da 3 a cikin gidanku. Babu wata ƙungiya a tarihin besbol da ta taɓa dawowa daga uku ba ko ɗaya ta ci irin wannan jerin sai su. Dattijon nan da aka ci kofin hannuna ya riƙe yana kuka yana kiran sunan mahaifinsa. Daga nan 2007, 2013, 2018. To wannan ne labarin da ake ba yaronka, ka ga kuwa ba da faɗa za ka cire masa shi ba.

Dan_Fagge ya rubuta:

Salam manya, ni daga Kano nake kuma wlh yau na fara sanin hular nan hana sallah mai NY ta kungiyar wasa ce, ina da ita har kala biyu a Sabon Gari na saya, duk samarin layinmu suna sakawa mun dauka sunan gari ne kawai. Dan Allah ku dan yi mana bayani yadda ake wasan don in na gani a waya sai in ga mutane a tsaye kawai wani na jifa wani na rike da sanda, ina golan yake, kuma wannan gabar taku kamar ta Madrid da Barca ce ko ta fi, sannan ta yaya mutum zai buga wasa 162 a shekara bai karye ba mu nan 38 ake yi a firimiya ana kukan gajiya

DirebanBronx ya rubuta:

Ɗan Fagge ƙanina, sannu da zuwa, ashe kai namu ne ba ka sani ba, ka riƙe hularka da kyau. Wasan ba gola. Kowane ɓangare mutum tara, ɗaya ɓangaren na tsaron fili ɗayan na duka. Mai jifa zai wurgo ƙwallo da gudun da yakan kai mil 100 a awa, mai sanda ya yi ƙoƙarin bugawa, in ya kuskure sau uku ya fita, in ya buga aka cafe kafin ta taɓa ƙasa ya fita, in aka riga shi kai ƙwallo tashar da ya nufa ya fita. Tasha huɗu ce a jere kamar murabba'i, wanda ya zagaye su ya dawo inda ya fara shi ne maki ɗaya, in kuma ya buga ta haye katanga to homron kenan, shi da duk wanda ke kan tasha su shigo a tsanake. An fitar da mutum uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara, kuma ba canjaras, in an yi kunnen doki a ci gaba har sai wani ya ci. Abin da ya sa suke iya 162, ba gudu ake yi kullum ba, wanda ya fi wahala shi ne mai jifan farko shi kuma sau ɗaya yake fitowa cikin kwana biyar. In kana son kallo wasan ƙarfe 7 na yamma a nan sha biyun dare ne a Kano, gara ka nemi na ranar Lahadi da rana wanda zai zo maka wajen ƙarfe shida da rabi na yamma.

Gabar kuwa ta kai ta Madrid da Barca, sai dai su sau biyu suke haɗuwa a laliga mu kuwa sau 13 a kaka, kafin 2023 ma sau 19 ne, garuruwan kuma tafiyar awa huɗu ce a mota, saboda haka kullum kuna cikin idon juna.

Alhaji na gode da shawara kuma na ji labarin dattijon nan har raina, amma ka tsallake wurare. Kofi 27 ne a Bronx, ku tara. A 1978 kuna gabanmu da wasa 14 a watan Yuli muka kamo ku, aka yi wasan raba gardama a Fenway, Bucky Dent wanda ba a san shi da homron ba ya ɗaga ta saman koren bangon nan da kake yabo, aka tashi 5 da 4. A 2003 wasa na bakwai kuna gaba aka bar mai jifanku Pedro Martinez ya gaji a fili, Aaron Boone ya gama da ku a zagaye na 11, shi ne kocinmu yanzu. Ni ban ga na 1978 ba amma fasinjojina tsofaffi har yau in suka faɗa sai ka ga fuskarsu ta washe. Abin da ke damuna ni dai tun 2009 ba mu sake ɗaukar kofi ba, yarona bai taɓa ganin Yankees sun ci ba. A zagayen ƙarshe na kofin 2024 da Dodgers muna gaba 5 da 0 a wasa na biyar, zagaye ɗaya ya rushe komai, Aaron Judge da kansa ya yar da ƙwallo mai sauƙi, mutumin da ya buga homron 62 a 2022, aka tashi 7 da 6. Kuma wa ke kocin Dodgers? Dave Roberts ɗin nan dai. A gefen titi na faka a daren na kasa ɗaukar kowa.

Maman_Yara_Queens ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni mace ce kuma gidanmu Mets muke yi, ɗayar ƙungiyar New York, jirgi mai lamba 7 muke hawa zuwa Citi Field, saboda haka ba ruwana da rigimarku sai dai in tuna wa Alhaji 1986 da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun ɗan wasansu Bill Buckner a zagayen ƙarshe na kofi da mu, in kuma tuna wa Malam Direba cewa Juan Soto shekara ɗaya ya yi muku ya tsallako wajenmu kan dala miliyan 765 na shekara 15. To na gama wannan, bari in zo kan tambayarka don naga maza sun tafi tarihi sun bar yaro a tsaye.

Maganar wurin zama ita ce babba. Bencin nan na bayan fili na dama, wajen sashe na 203, nan ne masu kiran sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya a zagayen farko har sai kowa ya ɗaga musu hannu, abin sha'awa ne ƙwarai amma ba wajen yaro mai hular Boston ba ne ranar da ake wasa da Boston. Ba wai za a taɓa shi ba, yawancin mutane in sun ga yaro tsokana kawai suke yi, amma bakinsu ba linzami, in aka kai zagaye na shida giya ta fara aiki za ka ji kalmomin da ba ka so ɗanka ya ji, kai kuma uba ne ba za ka iya yin shiru ba, daga nan ne fitina ke tashi. In za ka iya ka sayar da tikitin a manhajar da ka saya ka nemi na can sama, hawa na ƙarshe, kuɗin kusan ɗaya ne, iyalai sun fi yawa kuma za ka ga masu jar riga jefi jefi ba wanda ya kula su. Ka tuna ma unguwannin nan cike suke da 'yan Dominika waɗanda suka so Pedro da Ortiz, Manny Ramirez ma a Washington Heights ya tashi, hular B ba baƙuwa ba ce a jirgin D.

Kar ka ce ya bar hular a gida. In ka hana shi zai bi umarninka don ɗan tarbiyya ne, tunda har yana ɓoye murnarsa saboda kai, amma zai zauna awa uku kusa da kai yana jin cewa abin da yake so laifi ne, kuma gobe ba hula kaɗai zai ɓoye maka ba. Ni wannan ne ya tsaya min a rai a duk rubutunka.

Na uku kuma bari in yi magana da bakin maman yaranka don na san abin da take ji. Maigidana haka yake da, a dawo daga aiki a zauna gaban talabijin da faranti a cinya, in ka yi magana a ce bari a gama wannan zagayen, zagaye kuwa ba ya ƙarewa. Abin da muka yi, muka zauna muka ware, wasan daren Juma'a da na Lahadi nasa ne ba mai damunsa har ni nake zama mu kalla, sauran kwanakin ya ga taƙaitaccen da ake sakawa da safe minti goma ya wadatar, wasannin California na ƙarfe goman dare kuwa an soke su gaba ɗaya sai in Oktoba ta zo, lokacin wasannin neman kofi. Ƙungiyar da ta fi kowa kyau ma sai an ci ta wajen sau 60 a shekara, in duk ranar da aka ci ku gidan zai yi tsit to wata biyu kenan cur iyalinka na zaman makoki kan abin da ba su ci ba ba su sha ba. Kai da kake da rediyo a mota ma ka fi kowa sauƙi, ka ji a wajen aiki, in ka shigo gida ka bar shi a mota.

Dattijon_Zango ya rubuta:

Salamu alaikum 'ya'yana. Ni daga zangon Kumasi na zo, na daɗe a Bronx, tsohon filin ma na shiga kafin a buɗe wannan a 2009. Hajiya ta faɗi gaskiya, ka bi maganarta. Ni abu biyu zan ƙara.

Na farko sallah. Wasan dare ƙarfe 7 ake farawa, magariba a watannin zafi tana kaiwa takwas da rabi, tsakiyar wasa kenan, in kana da yaro a hannu neman inda za ku tsaya cikin jama'ar nan aiki ne. Shi ya sa ni na rana nake zuwa, a fara ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna, tun da aka kawo agogon jifa a 2023 wasa ya dawo wajen awa biyu da minti arba'in, kafin ƙarfe huɗu kun fito, masallatan 'yan uwa ga su nan a unguwar ba nisa, ku yi azahar kafin la'asar ta shiga. Ka duba lokacin na Asabar ɗin da kyau don wasan Boston talabijin na yawan mayar da shi dare. Ku ci abinci a gida ku tafi da alwala.

Na biyu, tunda yaron ya fara son tarihi to a ba shi cikakke, kar kawu ya ba shi rabi kai ka ba shi rabi. Ƙungiyoyin nan biyu duk sun yi jinkiri wajen ɗaukar baƙar fata. Jackie Robinson ya fara da Brooklyn Dodgers a 1947, amma tun 1945 Red Sox suka gwada shi a Fenway suka sallame shi, kuma su ne na ƙarshe a duk ƙungiyoyin da suka sa baƙi a fili, sai 1959 da Pumpsie Green. Yankees ma sai 1955 da Elston Howard, shekara takwas bayan maƙwabtansu. Titin gaban Fenway da ke ɗauke da sunan tsohon mai ƙungiyar, Yawkey, a 2018 aka cire sunan aka mayar da shi Jersey Street saboda wannan tarihin. Ni na ga ranar 15 ga Afrilu da kowane ɗan wasa ke saka lamba 42 ta Jackie Robinson ta fi min duk wani wasan gaba daraja, ranar nake kai jikokina in an samu wasan gida. Ka gaya wa yaron wannan, zai so ƙungiyarsa da ido a buɗe.

Kuma kar ka ɗauka an ƙwace maka ɗa. A wasannin Oktoba na 2025 wa ya kori Red Sox? Cam Schlittler, yaro ɗan Massachusetts da ya tashi cikin gidan masu son Red Sox, ya yi zagaye takwas ya fitar da mutum 12 ba a ci shi ko maki ɗaya ba, yana sanye da rigar Yankees. Johnny Damon kuma da ya buga mana homron biyu a wasa na bakwai a 2004, shekara ɗaya tsakani ya aske gemunsa da gashinsa ya dawo Bronx, don a lokacin dokar Steinbrenner mai ƙungiyar Yankees ta hana gemu, sai a Fabrairun 2025 aka ɗage ta, abin da ni na daɗe ina jira don ban taɓa jin daɗin dokar nan ba. Masu wasan kansu suna tsallakawa. Ka kira surukinka ka yi masa godiya da ya kai ɗanka yawo, in da hali ma ka gayyato shi ranar Asabar.

Alhaji_Roxbury ya rubuta:

Baba Dattijo abin da ka faɗa kan 1959 gaskiya ne kuma mu da ke zaune Roxbury mun fi kowa sani, akwai baƙaƙen Amurka tsofaffi maƙwabtana da har yau ba sa taka Fenway saboda abin da iyayensu suka gani, ba na musu da su. Hajiya ke kuma na karɓi 1986, Allah ya sa an yafe wa Buckner tun yana raye, a 2008 aka kira shi ya yi jifan buɗe kaka jama'a suka miƙe tsaye suna tafi.

Malam Direba in yaronka ya zaɓe mu to ka shirya rarrashi, don namu ciwon daga cikin gida yake zuwa. Mookie Betts da muka yi rainonsa tun yana ƙarami, wanda ya fi kowa a 2018, aka ba Dodgers shi a farkon 2020 don gudun biyan kuɗi, ya je can yana ta ɗaukar kofi. Rafael Devers kuma a Yunin 2025, ranar da muka gama cinye ku wasa uku a jere a Fenway, da yamma aka ce an tura shi San Francisco, ina cikin mota na ji na ɗauka ƙarya ce. Ɗan Fagge wannan zai shafe ka in kai ɗan Liverpool ne, masu Red Sox su John Henry su ne suka sayi Liverpool a 2010, shi ya sa duk lokacin da aka sayi ɗan ƙwallo mai tsada a Ingila mutanen Boston sai sun yi ƙorafi cewa da kuɗinmu ne.

Dan_Fagge ya rubuta:

Kai Alhaji ni dan Man United ne tun ina firamare, in dai masu Liverpool ne ke da Red Sox to magana ta kare Yankees nake yi daga yau, dama ga hula a hannu. Malam Direba Allah ya bar zumunci, Lahadi zan nemi wasan in gani ko zan gane, in na rikice zan dawo nan in tambaya

DirebanBronx ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta ɓoyewa ta shige ni, jiya bayan isha'i na zauna da shi na ce ya sa hularsa ranar Asabar kuma in ƙungiyarsa ta ci maki ya tashi ya yi ihunsa, ni ma in tawa ta ci zan yi nawa. Tsarin Juma'a da Lahadi kuma na kai wa maman yara ta ce ta amince amma a rubuta a manna jikin firij. Baba na kira surukina kamar yadda ka ce, zai taso da bas safiyar Asabar, saboda haka yanzu kujera uku nake nema a hawan sama a jere, na sa biyun nan na benci a kasuwa tun safe ba su fita ba tukuna. In akwai wanda ke son su a cikinku ya yi min magana ta akwatin saƙo kafin daren Alhamis, yadda na saya zan bar masa. Baba wane masallaci ne ya fi kusa in an fito ta ƙofar River Avenue, wanda za mu iya zuwa a ƙafa da yaro?